Hita ta yi zafi, amma tana yankewa kuwa? Fashin baƙi kan haɗin wayar termosta a shagunan aiki

Wanda ya san Garwa a watan Afrilu kaɗai, lokacin da zafi ke haura digiri 40, da wuya ya yarda akwai masu sayen hita a arewacin Kamaru. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya sauko da ƙurarsa, labari yakan sha bamban. Ngaundere tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,100 daga teku, asubarta kuma kan sauka ƙasa da digiri 15. Marwa da Kusiri da Njamena su ma suna ɗanɗana nasu sanyin daren. A wannan lokacin ne kafinta ke neman abin da zai busar masa da banish da gam kafin mai kaya ya iso, mai fentin mota yana son fenti ya kama, tela yana kwana kan ɗinkin biki yatsu suna ƙagewa, mai kiwon kaji kuma ya san 'yan tsakin makon farko suna buƙatar ɗumin digiri 32 zuwa 35, in babu su cunkushe wuri guda su danne juna. Kowannensu hita yake nema. Wata sabuwa ce daga kasuwa, wata gwanjon Turai ce da ta sauka a Duwala ta hauro arewa, wata kuma haɗin gida ce: akwatin ƙarfe, rezistans (ƙarfen da ke yin zafi in wuta ta bi ta cikinsa), fanka, da termosta (na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai) da aka ciro daga tsohon murhun lantarki.

Abin da ke damuna shi ne irin gwajin da ake yi wa waɗannan na'urori. Mai gyara ya haɗa, ya jona, ya kara tafin hannu, ya ji ɗumi, ya ce aiki ya yi. Alhali ba da zafi shi ne abu mafi sauƙi a wurin hita, ko a birkice aka haɗa ta za ta yi zafi. Tambayoyin da rai da dukiya suka rataya a kansu daban ne. Tana yankewa in zafi ya kai? In ta yanke, wane sashe nata ne har yanzu ke ɗauke da wuta? Ranar da termosta ya gaza, me zai katse ta?

Cikin hita ba wani abin mamaki. Wuta tana shigowa ta wayar da ke ɗauke da ita, wadda masu aikin lantarki ke kira faz, ta bi ta makunni, ta ratsa wani ɗan makatsin tsaro, ta ratsa termosta, ta shiga rezistans, sannan ta koma ta wayar nitir. A jere suke, ɗaya bayan ɗaya, don haka duk wanda ya buɗe cikinsu wuta ta tsaya. Termosta irin na da falle biyu ne na ƙarafa mabambanta da aka manne. Zafi ba ya miƙa su daidai wa daida, sai fallen ya lanƙwashe ya raba kwantak, wato 'yan ƙarafa biyun da ke taɓa juna wuta ta wuce, in ya huce ya dawo ya haɗe. Wannan ne ɗan "ƙas" ɗin da tela ke ji a dutsen guga. Akwai mai siririn bututu da 'yar kwalba a ƙarshe, cike da ruwan da ke kumbura in ya ji zafi ya tura kwantak ɗin. Sai na zamani mai allon lambobi, wanda masu injin ƙyanƙyasa suka fi sani.

Lissafin ma gajere ne. Wutar gida a Kamaru da Cadi bolt 220 ce. Hita mai wat 2,000 tana jan ampiya 9 da ɗoriya, mai wat 3,000 kusan 14, mai wat 5,000 kusan 23. Galibin ƙananan termosta kuwa ampiya 10 ko 16 aka rubuta a jikinsu.

Kuskuren da ya fi ɓoyewa shi ne a ɗora termosta a kan wayar nitir maimakon faz. Hita za ta kunnu, za ta mutu in zafi ya kai, ba abin da ido zai gani. Sai dai yankewar ta faru ne bayan rezistans, ba kafinsa ba. Kamar manomin rani ne a bakin Binuwai da ya toshe mafitar ruwa ya bar mashiga a buɗe: ruwa ya daina gudu, amma fangalin cike yake, duk inda aka samu ɓaraka nan zai bi. Rezistans ya huce, ya yi baƙi, fitilar hita ta mutu, amma bolt 220 na nan a jikinsa daga wannan kai zuwa wancan. Yaron shago ya zura sukudireba ko yatsa don ya cire dusar katakon da ta maƙale, ƙafarsa a kan siminti mai danshi, sai ya zama shi ne ɓarakar. In kuma rezistans ya tsufa ya fara zubar da wuta ga akwatin ƙarfen, akwatin zai riƙa jan mutane ko da termosta ya yanke.

Ba kullum ganganci ke jawo wannan ba. A ƙa'ida, shuɗi na nitir ne, kore da rawaya na wayar ƙasa, ja ko ruwan ƙasa ko baƙi na faz. Amma shago nawa aka ja wa wuta da nadi guda na waya mai launi ɗaya? Ga kuma filogi mai ƙafa biyu, wanda ke shiga soket ta kowace fuska. Mai gyara zai iya haɗa komai daidai a teburinsa, mai shago ya je ya juya filogin, faz ya koma gefen nitir. Soket irin na Faransa mai tsinin ƙasa yana hana juya filogi mai rami, amma ba ya tabbatar da cewa wanda ya ɗaura soket ɗin ya sa faz a gefen da ya dace. Shi ya sa a ganina hitar shago ba ta cancanci makunni mai yanke waya ɗaya ba. A sa mata mai yanke biyu, faz da nitir tare. A haɗa jikin akwatin da wayar ƙasa ta gaske, wadda ta kai ga ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa, ba guntuwar da aka naɗe aka cusa a bayan soket ba. A layin kuma a sa makatsi mai gane zubar wuta, na miliampiya 30, wanda ke faɗuwa da zarar wutar da ta fita ba ta dawo daidai ba. Disjonkta na yau da kullum, wato makatsin da ke faɗuwa in wutar da ake ja ta yi yawa, waya yake karewa daga nauyi. Wutar da za ta tsayar da zuciyar mutum ba ta kai ko kusa da abin da zai motsa shi ba.

Yanzu ga wurin da gobara ta fi farawa, kuma wurin da aka fi ɗora wa termosta laifin da ba nasa ba: mahaɗar waya. Duk inda waya ta haɗu da ƙafar termosta akwai 'yar turjiya. In an ɗaure tamau, ba ta kai a damu da ita ba. In ta yi sako-sako, ko tsatsa ta hau, ko cikin zaruruwan wayar kaɗan ne suka shiga ƙarƙashin sukurun, turjiyar takan ƙaru, zafi kuma ba a hankali yake biyo ta ba. In wutar da ke wucewa ta ninka biyu, zafin mahaɗa sau huɗu yake ninkawa. Ɗauki mahaɗar da turjiyarta ta kai rabin om, hita na jan ampiya 9. Tara sau tara 81, rabinsa wat 40 da ɗan kai. Wannan ƙarfin ƙaramin ƙarfen narka dalma ne na masu gyaran rediyo, a tattare kan wuri mai girman ƙwayar gyaɗa, cikin akwati a rufe, sa'o'i a jere.

Matsalar kuma kanta take ciyarwa. Zafi ya sa jan ƙarfe ya yi baƙi, baƙin ya ƙara turjiya, turjiyar ta ƙara zafi. 'Yan maƙalan nan da ake zurawa a ƙafar termosta, waɗanda ake kira kos, da taurinsu suke riƙo. In suka gasu sau ɗaya taurin ya tafi, ko an matse su da filaya ba sa komawa yadda suke. Kunnawa da kashewa ma suna taimakawa, domin ƙarfe ya buɗe da zafi ya tsuke da sanyi, sukuru yana saki kaɗan-kaɗan. Robar da ke jikin wayar gida an yi ta ne don ta jure digiri 70. A cikin akwatin hita sai ta bushe, ta tsage, ta zube, ta bar wayar tsirara kusa da jikin ƙarfe. Wayar da ta dace da wurin ita ce mai rigar silikon, wadda ke jure digiri 180, ko mai saƙar zaren gilashi, domino kuma, wato ɗan abin haɗa waya mai sukuru, na tangaran, ba na roba ba.

Duk tsawon lokacin da wannan ke faruwa disjonkta ba zai faɗi ba, kuma ba lalacewa ya yi ba. Mahaɗa mai sako-sako ba ta ƙara yawan wutar da ake ja, hasali ma rage ta take kaɗan. Makatsin miliampiya 30 shi ma ba ya ganin komai sai roba ta ƙone wuta ta taɓa ƙarfe. Hanci ne ke fara sani: warin ƙonanniyar roba, wani lokaci mai kama da ƙarnin kifi. Sai filogi mai zafi a hannu, ko launin ƙasa-ƙasa a kewayen ramin soket.

Ga inda ake zaluntar termosta. Zafin mahaɗar yana bin ƙafarsa ya shiga cikinsa, ya ɗumama fallen ƙarfen, sai ya yanke alhali ɗakin da sauran sanyi. Mai shago ya ce termosta ya yi rauni. A sayo sabo, a zura masa tsohon kos ɗin da ya gasu a kan tsohuwar wayar da ta yi baƙi, kafin hunturu ya wuce shi ma ya bi sahu, a ce kayan yanzu ba su da ƙwari. Gyaran gaskiya shi ne a yanke wayar har inda jan ƙarfe ke sheƙi, a sa sabon kos a matse shi da abin matsewarsa. Kada a shafa wa bakin waya dalma sannan a ɗaure ta da sukuru, domin dalma takan nitse a hankali ta bar mahaɗar sako-sako. Murɗe waya biyu a naɗe da salatif kuwa ba shi da gurbi a cikin hita ko kaɗan.

A kan wayar kanta akwai abin lura. Ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100, wadda masu aikin lantarki da yawa a ƙasashenmu suka koya, ta ba waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 disjonktan da bai wuce ampiya 16 ba, mai 2.5 ampiya 20, mai 6 ampiya 32. Da jan ƙarfe na gaske aka yi wannan lissafi. A kasuwa akwai wayar alminiyam da aka shafe da jan ƙarfe, wadda ba ta iya ɗaukar abin da jan ƙarfe mai kaurinta zai ɗauka, ga saurin karyewa a ƙarƙashin sukuru. A kankare bakinta da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki, ba ta hita ba ce. Haka dogayen wayoyin jone masu arha: kada a ɗora musu hita, balle a bar su a naɗe suna aiki.

Kwantak ɗin termosta ma yana da iyaka. Duk lokacin da ya rabu da wuta a kansa, ɗan tartsatsi na tashi ya ci fuskar ƙarfen. In nauyin ya fi ƙarfinsa, wata rana fuskokin biyu su narke su manne. Daga nan fallen ya yi ta lanƙwasa a banza, wuta ba za ta yanke ba. Mutane sun fi tsoron termostan da ya ƙi kunna hita, alhali wanda ya ƙi kashe ta shi ne abin tsoro, domin mai shago zai ga hitarsa na aiki fiye da kullum.

Wannan yakan samu masu amfani da na'urar STC-1000, termosta na zamani mai allon lambobi, wadda ta bazu a wurin masu ƙyanƙyasa da renon 'yan tsaki. Na'ura ce mai amfani, tana riƙe zafin ƙwai a wajen digiri 37.5 cikin kwanaki 21 na ƙyanƙyasa. Amma rilen da ke cikinta, wato ɗan makunnin da ke haɗa wuta ya yanke, na ampiya 10 ne. Ƙwayayen fitila ko ƙaramin rezistans ba za su dame shi ba. Hita mai wat 2,000 ta kai shi maƙura, mai wat 3,000 ta wuce shi. Sannan ƙafafunta na ɓangaren zafi, 5 da 6, ba sa fitar da wuta da kansu, makunni ne kawai. Wanda bai san haka ba yakan jona hita a kansu ya ga shiru ya ce na'urar jabu ce. Wani kuma ya kai faz ƙafa ɗaya, nitir ɗaya ƙafar, rile na rufewa sai tartsatsi da hayaƙi. Daidai shi ne faz ya shiga ta ɗaya ya fita ta ɗayar zuwa abin da ake kunnawa.

Ga babbar hita, abin da ake kunnawar ya kamata ya zama kwantakta, wato babban makunni mai aiki da maganaɗisu. Termosta ya ba naɗin wayarta 'yar wuta a ƙafafun A1 da A2, maganaɗisu ya ja manyan kwantak ɗinta, su ne za su ɗauki nauyin rezistans. Sai dai a yankinmu ita ma tana da abokin gaba. An ƙera ta ne ta rufe sosai in wuta ta kai kashi 85 cikin 100 na ƙarfinta, wato bolt 187 a layin 220. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda aka kammala a 1982, kafin tashoshin hasken rana na Marwa da Gider su zo su tallafa, lokacin sanyi kuma rani ne, ruwa na ja da baya. A unguwar da ke ƙarshen dogon layi, in magariba ta yi kowa ya kunna kayansa, wuta kan yi ƙasa. A irin wannan hali kwantakta takan riƙa karkarwa tana ƙara, kowace karkarwa kuma tartsatsi ce a kan kwantak. Wanda ya ji wannan ƙarar ya kashe hita har wuta ta dawo daidai. Raunin wutar yana da wani tasirin: a bolt 180, hita mai wat 2,000 wat 1,340 kawai take bayarwa. Ɗaki ya ƙi ɗumama, a sake zargin termosta.

Daga wannan zargin ake kaiwa ga aikin da ya fi kowanne muni. Ga yadda zancen kan kasance. Mai gyara ya ce, "Maigida, termostan nan ya mutu, irinsa kuma sai an aiko daga Garwa." Mai shago ya ce, "Malam, gobe masu kujerun nan za su zo. Haɗa mini ita kai tsaye, in na tashi zan riƙa kashewa da hannu." Sai a ɗauki guntuwar waya a tsallake termosta. In hitar ta ci gaba da mutuwa, a gano ɗan makatsin tsaron nan da ke manne kusa da rezistans, shi ma a tsallake shi.

Ban ɗauki mai shagon a matsayin marar hankali ba. Alkawari ya ɗauka, kuɗin mutane na hannunsa. Amma abubuwan nan biyu ba aikinsu ɗaya ba. Termosta yana daidaita ɗumi, sau da yawa a yini. Makatsin tsaro ba ya motsi sai zafi ya wuce hankali: fanka ta tsaya, ƙurar hunturu ta toshe ragar iska, wani ya shanya riga a kan hita, ko kwantak ya manne. Wani irinsa yana da ɗan maɓallin da ake dannawa ya dawo, wani kuma sau ɗaya yake ƙonewa sai dai a sauya shi, an buga digirinsa a jikinsa. In ya yanke, dalili gare shi, kuma dalilin ake nema. A sauya shi da mai digiri iri ɗaya, a matse ƙafafunsa da maƙali, domin zafin ƙarfen dalma kaɗai ya isa ya ƙona sabon tun kafin a jona. Batun "zan kashe da hannu" kuwa, a nan wuta ɗaukewa take. An ɗauke ta da yamma, hita ta yi shiru, aka rufe shago aka tafi gida ba wanda ya tuna da makunni. Tsakar dare aka dawo da ita, ga dusar katako, ga soson kujera, ga galan ɗin tina, ruwan sirka fenti, a kusa. Mai gyaran da ya ƙi yin wannan haɗin, ko da maigidan ya ji haushi, shi ne wanda ya cancanci a riƙe lambarsa.

A hita mai fanka, haɗin ya zama ta yadda rezistans ba zai samu wuta ba sai fanka na juyawa. Masu haɗin gida sukan ba kowanne makunninsa daban, mantuwa ɗaya ta isa. A ɗakin da ake fesa fenti ko banish kuwa, hita mai buɗaɗɗen rezistans ba ta da wurin zama ko da haɗinta ya yi kyau, domin tururin tina zai iya kamawa daga rezistans ɗin da ya yi ja ko daga tartsatsin termosta.

Sauran kurakuran sun fi saurin bayyana kansu. Termosta mai ƙafa uku yana da ƙafar shiga, da mai yankewa in zafi ya kai, da mai haɗewa in zafi ya kai. In aka ɗauki ta ƙarshen, hita ba za ta kunnu da sanyi ba, in kuma wuri ya yi zafi ta kunnu ba za ta mutu ba. Mitar masu gyara mai yin ƙara in ƙafa biyu na haɗe tana raba wannan gardama cikin minti guda. Kwalbar termosta ko 'yar wayarsa mai jin zafi in tana manne da rezistans za ta yanke da wuri, in tana bakin ƙofa iska na kaɗa ta ba za ta yanke ba. Wurinta shi ne inda ake son ɗumin, ga 'yan tsaki daidai tsayin bayansu. Gwanjon Amurka mai bolt 120 in aka jona shi a 220 zafinsa ya ninka fiye da sau uku, babu termostan da zai cece shi. A shagon da ke da layi uku na bolt 380, in nitir ta tsinke ko ta saki a allon rarraba wuta, hitar 220 za ta iya samun wutar da ta fi ƙarfinta nesa, don haka sukurun nitir na cikin abin da ake dubawa.

Kafin a biya kuɗin gyara, mai shago yana da haƙƙin ya ga abubuwa da idonsa. A kunna hita, a sa mita mai bakin da ke kama waya a kan wayar a karanta ampiya, a gwama da lambar da ke jikin termosta. A murɗa termosta ƙasa har a ji ya yanke, mitar ta koma sifiri. A wannan hali mai gyara, ba yaron shago ba, ya taɓa ƙafafun rezistans da tasta, ya juya filogi ya sake taɓawa. In ta kawo haske a ɗaya daga cikin biyun, a san cewa wannan hitar ba a buɗe ta ko share ta sai an zare filogi, kuma a sa mata makunni mai yanke waya biyu. A zare filogi, a auna tsakanin jikin akwatin da ƙafar ƙasa a tabbatar a haɗe suke. A nuna wa mai shago makatsin tsaro a mazauninsa, ba wayar da ta tsallake shi. Sannan a bar ta ta yi aiki kamar minti 20, a zare, a taɓa ƙafafun filogi da robar wayar kusa da mahaɗa. Ɗumi kaɗan ba komai, amma in yatsa ya kasa zama, da sauran aiki. Bayan mako guda ana amfani da ita, a zare filogi a sake bin sukurori a ƙara ɗaure su, a hure ƙurar da ta taru a raga da fukafukan fanka, a riƙa maimaita hurewar nan har hunturu ya janye.